Matan tsaunukan Pindus

Duk 28 ga Oktoba Girkawa na bikin "a'a" ɗin da Firaminista Metaksas ya ce wa Mussolini, shugaban gwamnatin Italiya, a 1940, lokacin da ya nemi a bar sojojinsa su shiga Girka; daga nan Italiya ta kawo wa Girka yaƙi ta Albaniya. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai matan ƙauyukan tsaunukan Pindus na ƙasar Girka ne. Inda mota ba ta hawa, alfadari ma ya gaza, su suka riƙa goya akwatunan harsashi da abinci suna kai wa sojojin Girka, ga ruwa, ga ɗari. Ni da rabin buhun masara ke sa ni haki! Kafin Nuwamba ya ƙare an fatattaki Italiyawa zuwa cikin Albaniya, har an kama garin Koritsa. Sai da Jamus ta sa hannu a Afrilun 1941 sannan Atina, babban birnin Girka, ta faɗi.