Hoton da ke jikin fitila ba shi ne mai laifin ba

Aikin da na fi daɗewa a kansa a garejin gyaran lantarkin mota shi ne tarbar masu mota da jin kokensu kafin a buɗe bonet. Tambayoyina ba sa canzawa: wace fitila ce ta kama a dashbod, wane launi gare ta, a tsaye take ko ƙiftawa take yi? Sai ka ga mutumin da ya yi shekara da shekaru yana tuƙi ya yi jim, can ya ce, "Malam, wata dai ce mai kama da buta," ko kuma, "Ja ce, ai ta kwana biyu a kunne." Ban ga laifinsu sosai ba. Wanda ya koya musu tuƙi sitiyari da giya da birki ya koya musu, dashbod kuwa aka bar su da shi su yi ta kintace.

Launin shi ne abu mafi sauƙi, don masu ƙera motoci sun daidaita a kansa, akwai ma ƙa'idar duniya mai suna ISO 2575 da ta tsara alamomin. Ja na nufin haɗari, ka nemi wurin tsayawa. Rawaya na nufin akwai matsala amma za ta kai ka gareji. Kore sanarwa ce kawai cewa wani abu yana aiki, shuɗi kuma galibi na doguwar fitila ne. Wannan ana koyonsa a zama ɗaya. Abin da ya ɗauke ni lokaci kafin ya zauna mini shi ne cewa hoton da aka zana a jikin fitilar sau da yawa ba shi ne ya lalace ba, yana nuna maka unguwar da matsalar take ne kurum.

Ɗauki waccan mai kama da buta, fitilar baƙin mai. Kusan kowa ya ɗauka cewa take yi mai ya yi ƙasa, a ƙara. Idan ja ce, maganar ƙarfin turin mai take yi, wato man ba ya isa inda ya kamata da matsin da ake buƙata. Yana iya zama man ne ya ƙare, yana iya zama famfon mai ne ya gaji, ko ragar da ke tsotso shi daga ƙasan inji ta toshe da dauɗa alhali man yana nan a cike. Injin da ƙarafansa ke gugar juna babu mai a tsakani ba ya jiran ka isa gida, mintuna kaɗan sun ishe shi. Maigidana ba ya wasa da wannan fitila ko kaɗan. Duk wanda ya kira shi a waya ya ambace ta, amsar ɗaya ce: "Kashe motar inda kake, a jawo ta." Wasu motocin suna da ta biyu, rawaya, ita ce ke maganar yawan man, ita kam a ƙara mai a ci gaba da tafiya.

Haka fitilar batir. Na sha ganin wanda ya sayi sabon batir saboda ita, bayan kwana ɗaya motar ta sake mutuwa a hanya. Fitilar tana faɗa maka ne batir ya daina samun caji, kuma mai yin cajin altaneta ce. Batir mai lafiya idan mota na kashe yana nuna wajen volt 12.6, idan inji na aiki sai ya hau zuwa wajen 14. In bai hau ba, a duba altaneta, ko wayarta, ko fambel ɗin da ke juya ta. Nan ne wurin lura: a motoci da yawa fambel ɗin nan ɗaya shi ke juya famfon ruwa ma, don haka idan fitilar batir ta kama ba zato kana cikin tafiya, idonka ya koma kan gejin zafi nan take. In allura ta fara hawa, fambel ya tsinke ke nan, maganar lallaɓawa zuwa gareji ta ƙare.

Zafin inji yakan tsaya wajen digiri 90. Murfin lagireto yana riƙe matsi kusan bar 1, wanda ke sa ruwan ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. Da zarar an buɗe murfin da zafi, matsin ya tafi, ruwan ya tafasa gaba ɗaya ya yi tsiri zuwa fuskar wanda ya buɗe. Ba a taɓa murfin sai inji ya huce. A wasu motocin Japan babu allura sam, fitila ce kawai, kuma da safe takan fito da shuɗi. Wannan ba matsala ba ce, inji ne bai ɗumama ba tukuna, amma ta kawo mana mutane da yawa hankali a tashe.

Wadda ta fi kowace jawo gardama ita ce rawayar nan mai siffar inji. A Amurka, tun daga motocin 1996 doka ta wajabta tsarin binciken kai da ake kira OBD-II, Turai ta biyo baya a 2001 ga masu fetur, a 2004 ga masu dizal. Shi ya sa kusan kowace mota yanzu take da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari inda muke jona kwamfuta. Abin da kwamfutar ke bayarwa lamba ce: P0300 inji na fashin wuta a silinda daban-daban, P0301 a silinda ta ɗaya, P0171 iska ta fi fetur yawa, P0420 katalis, wato matatar da ke jikin salansa, ba ya tace hayaƙi yadda ya kamata. Masu mota sun ɗauka kwamfuta za ta ce, "Canja kaza," wasu masu gyaran ma haka suka ɗauka. Lambar da ta ambaci sensa ba ta ce sensar ce ta mutu ba, tana iya zama lafiyarta ƙalau, gaskiya take faɗa game da wani tiyo da ya tsage yana shigar da iska. Mai gyaran da bai gane wannan ba zai yi ta canza kaya ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai mota, fitila kuwa tana dawowa. Wani lokacin ma murfin tankin fetur ne ba a ɗaure da kyau ba.

Bambancin da nake roƙon kowa ya riƙe shi ne tsakanin tsayuwa da ƙiftawa. Idan fitilar injin a tsaye take kuma mota na tafiya daidai, ka kai ta a duba cikin kwanaki. Idan ƙiftawa take, fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa salansa yana ƙonewa a cikin katalis, kuma katalis na cikin kayan da suka fi tsada a mota. Saki totur, ka tsaya. Fitilar santsi kuwa, mai hoton mota da layuka biyu a karkace, akasin haka take: ƙiftawarta na nufin tana aiki, tana riƙe maka mota a kan titi mai santsi, tsayuwarta ce ke nufin an kashe ta ko ta lalace.

Ta birki, da'ira da alamar motsin rai a ciki, ka fara duba hambirki. In a sauke yake, ruwan birki ne ya yi ƙasa, kuma ruwan birki ba ya ƙarewa haka kawai: ko dai takalman birki sun cinye, ko yana zuba. Ƙara ruwa ba tare da neman dalili ba rufe bakin fitilar ne kawai. Ta ABS, wato tsarin da ke hana tayoyi kullewa, ita kaɗai idan ta kama, birki na nan yana ci, sai dai tayoyi za su iya kullewa in ka taka da ƙarfi. Su biyun tare, a ajiye motar. Ta iskar taya ta zama dole a Amurka daga Satumban 2007, a Tarayyar Turai daga Nuwamban 2014, kuma a ƙa'idar Amurka sai iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari take kamawa. Ke nan shirunta ba shaida ba ce cewa iskar ta cika. Adadin da ya dace yana kan takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, wanda ke rubuce a jikin taya iyakar abin da tayar za ta ɗauka ne.

Darasin da ya fi ba ni tsoro game da fitilar da ba ta kamawa ne. Idan ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, duk fitilun suna haskawa na 'yan daƙiƙu, gwaji ne. Mun sha kwance dashbod ɗin motar da aka saya ta hannu mu tarar an liƙe fitilar jakar iska da baƙin salatif, ko an cire ƙwan fitilar inji. Mai ita yana ta murna dashbod ɗinsa tas. Duk mai sayen tsohuwar mota ya murɗa makulli ya ƙirga: ta inji, ta jakar iska, ta ABS, ta mai, ta batir. Wadda ba ta fito ba, a tambaya ina take.

Fitilun waje ma suna da irin wannan ruɗun. A tsofaffin motoci dashbod duhu yake sai ka kunna fitila, duhun da kansa yake tuna maka. Na yanzu kullum a haske yake, ga fitilun rana a gaba, waɗanda Turai ta wajabta wa sababbin ƙirar motoci daga 2011. Direba ya fito da magariba, ya ga haske a gabansa, ya ga dashbod na walƙiya, ya ɗauka komai a kunne yake, alhali a motoci da yawa bayan motar duhu ne ɗungum. Shaidar cewa fitilun baya a kunne suke ita ce koren alamar nan a dashbod. Wanda ya bar makunnin a AUTO ma kada ya saki jiki, don sensar duhu take gani, ruwan sama da hazo da rana ba lallai su motsa ta ba. A hazo kuma doguwar fitila cutarwa take, hasken yana dawo maka cikin ido. Gajera ake kunnawa, da ta hazo in akwai. Ta hazon baya, wadda alamarta rawaya ce, tana da ƙarfi ƙwarai, a Birtaniya ƙa'idar hanya ta ce sai gani ya gaza mita 100 ake kunna ta. Wanda ya bar ta a kunne a daren da gari yake garau yana kashe wa na baya ido, yana kuma ɓoye hasken birkinsa.

Akwai wani ɗan gare-gare kusa da sitiyari mai lamba 0 zuwa 3 da ba na jin mutum ɗaya cikin masu zuwa wurinmu ya taɓa tambaya a kansa. Na daidaita tsayin hasken gaba ne. Idan an cika but da kaya, an ɗauki mutane a baya, gindin mota ya zauna, hanci ya ɗaga, gajeren haske sai ya koma kamar dogo a idon mai tahowa. Shi ya sa ake ta yi maka filashin kana rantsuwa ba ka kunna doguwa ba. Ƙara lambar, hasken ya sunkuya. Sigina kuma idan ta fara ƙiftawa da sauri, ƙwai ɗaya ne ya mutu a wannan gefen.

Esi ma mutane sanyi kawai suka sani da ita, ba su san tana busar da iska ba, shi ya sa ruwa ke ɗiga a ƙarƙashin mota idan an tsaya, kuma ba ɓaraka ba ce. Wannan busarwar ita ce maganin gilashin da ya yi raɓa a lokacin ruwa: kunna esi, juya iska zuwa gilashi, ƙara ɗumi, sannan ka kashe maɓallin nan mai kibiya a lanƙwashe a cikin mota, wanda ke maimaita iskar ciki. Yawancin masu korafin gilashi ba ya washewa, shi suka bari a kunne, numfashin fasinjoji yana ta zagayawa. Maɓallin yana da amfaninsa, yana saurin sanyaya mota, yana tare ƙura da hayaƙin motar gaba, amma a doguwar tafiya da mutane cike iskar takan yi nauyi ta kawo kasala, sai a riƙa buɗe shi jifa-jifa. Gas ɗin esi kuma ba ƙonewa yake kamar fetur ba, zagayawa yake a rufe. Wanda ke ƙara gas duk bayan 'yan watanni yana da wurin da yake zuba. A kuma duba irinsa a takardar ƙarƙashin bonet, don R134a da ya maye gurbin R12 a shekarun 1990 shi ma R1234yf ya karɓe shi a sababbin motocin Turai daga 2017, kuma ba a gauraya su. Idan fanka na ƙara amma iska ba ta fitowa sosai, kafin a zargi kwamfireso, wato famfon gas ɗin esi, a ciro filtar da ke bayan akwatin gaban fasinja, sau da yawa ita ce ta toshe.

Hita a motar fetur ko dizal daga ruwan inji take samun zafinta, ta wani ƙaramin lagireto da ke cikin dashbod. Saboda haka idan allurar zafi ta fara hawa kana cikin cunkoso babu wurin tsayawa, kashe esi, kai hita ƙarshe, ƙure fanka, sauke gilasai. Za ka yi gumi, amma kana zuƙe wa inji zafi, kuma hakan kan saya maka 'yan mintunan isa gefen titi. In ka yi haka iska mai sanyi ta fito alhali allura na sama, ruwan ne ya ƙare ko ya daina zagayawa, dabarar ba za ta yi aiki ba, a kashe inji a wurin.