Fakin a ƙofar shagona da abin da na gani a Aboabo

Ni dai shagon kayan masarufi nake da shi a Aboabo nan Kumasi, shinkafa, mai, madara, sabulu da su omo. Abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya shi ne fakin, mutum zai zo da sassafe ya ajiye motarsa daidai ƙofata ya hau pragya, wato babur mai ƙafa uku na haya, ya wuce Kejetia ko Adum a tsakiyar gari, saboda can biyan kuɗin fakin ake yi, ba zai dawo ba sai bayan magariba, ko sabulu ɗaya bai saya ba kuma ya rufe min shago ruf.

Sai na fara tambayar kwastomomi da me suka zo, ina rubutawa a bayan littafin bashi. Wallahi yawanci da ƙafa ne, sai keke, sai babur. Yaran da aka aiko, mata masu waakye da ke zuwa sayen mai, malamin makaranta da kekensa. Masu mota ƴan tsiraru ne.

Muka zauna da maƙwabta da asambuliman ɗinmu, wato wakilin unguwarmu a majalisar ƙaramar hukuma, aka yarda a bar gefen gota ga masu keke da babur. Ciniki ya motsa gaskiya, mai keke ba ya sayen buhu amma kullum yana nan, ya jingina kekensa ya sayi na sidi 20 ya tafi wani ya zo. Haka aka gani a Toronto ta Kanada da aka yi hanyar keke a titin Bloor a 2016, masu shaguna sun tsorata amma ciniki bai faɗi ba.

Sai dai ba kowa ya ji daɗi ba. Maƙwabcina mai siminti ya ce min "Alhaji, ni kwastomana ba ya ɗaukar buhu a keke fa", kuma gaskiyarsa ce, abin ya dame ni sosai. Ni ma motar kayana ta rasa wajen tsayawa. Shi ya sa muka ware wuri guda a ƙofarsa don lodi da sauke kaya kawai, aboboyaa (babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya) ko mota ta tsaya ta gama ta tashi.

Matsalar da ta rage mana yanzu ita ce da fenti kawai aka shata wurin, fenti kuwa ba ya hana kowa komai, in ba ka fito da wuri ba wani ya riga ya faka a kai. Dakali muke so na siminti kamar yadda aka raba hanyar keke a Tamale, mun kai takarda muna jira.