Sauya Sheƙa a Wasannin Jami'o'in Amurka: Abin da Takardu Suka Koya Mana

Ranar Juma'a 4 ga Agusta, 2023, kafin rana ta faɗi jami'o'i biyar sun yi sallama da gamayyar wasanni ta Pac-12. Oregon da Washington suka nufi Big Ten, Arizona da Arizona State da Utah kuwa suka koma Big 12. Da yake USC da UCLA da Colorado sun riga sun sanar da tafiyarsu, gamayyar da tushenta ya kai 1915 ta wayi gari da mambobi huɗu cikin 12, ba a yi wata guda ba suka zama biyu. Masu kallo daga nesa sun ɗauka bala'i ne ya sauko dare ɗaya, amma duk wanda aikinsa ya shafi kasafin sashen wasanni na jami'a ya san jana'iza kawai aka yi ranar. Jinyar ta daɗe, kuma a rubuce take cikin kwantiragi.

Gamayya a nan ƙungiya ce ta jami'o'in da suka yarda su riƙa karawa da juna, su sayar wa gidajen talbijin haƙƙin nuna wasanninsu a dunƙule, sannan su raba kuɗin. Wasanni da yawa ake yi a ƙarƙashinta, to amma ƙwallon Amurka, wanda ya fi kama da zari-ruga, shi ne saniyar tatsa. Kafin 1984 NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ita ce ke riƙe da cinikin talbijin na wannan wasa. A shekarar ne Kotun Ƙolin Amurka ta ƙwace mata wannan iko, a ƙarar da jami'o'in Oklahoma da Georgia suka shigar. Tun daga nan kowace gamayya ta koma mai kasa hajarta, jami'o'i kuma suka fara leƙen inda kaso ya fi tsoka.

Abu na farko da aikin nan ke koya wa mutum shi ne lissafin kaso, kuma ba ya buƙatar kwamfuta. A ce gamayya tana da mambobi 16, kowa na ɗaukar dala miliyan 60 a shekara. In za a ƙara biyu, sai kuɗin ciniki ya ƙaru da miliyan 120, in ba haka ba tsofaffin mambobi ne za su ciyar da baƙi daga cikin kwanonsu. Babu shugaban jami'ar da zai ɗaga hannu a kan a rage masa. Shi ya sa sau da yawa baƙo ke shigowa da guntun kaso. USC da UCLA sun shiga Big Ten da cikakken kaso domin sun zo da kasuwar Los Angeles. Oregon da Washington, da suka ƙwanƙwasa ƙofa bayan an gama ciniki, sun karɓi kimanin miliyan 30 a shekarar farko, da ƙarin miliyan ɗaya-ɗaya duk shekara. Stanford da Cal (Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley) sun shiga gamayyar ACC a kan kashi 30 cikin 100 na cikakken kaso har shekara bakwai. SMU ta Dallas, da ta shiga ACC tare da su, ta yafe kuɗin talbijin gaba ɗaya har shekara tara, attajiran tsofaffin ɗalibanta suka ce za su cike giɓin. Kujerar zama cikin manya ta saya, kuma ta san abin da ta saya.

Guntun kaso yana da tarko. Kuɗin da ake kashewa ba ya jiran kaso ya cika: albashin koci, gyaran fili da tafiye-tafiye duk suna hawa matakin sabuwar gamayya tun ranar farko. Rutgers da Maryland, da suka shiga Big Ten a 2014, sai da suka ci bashi daga kason da ba su riga sun samu ba, wanda hakan ya ƙara nesanta ranar da za su ga cikakken kuɗi a hannu.

Abin da ke sa jami'a daraja ma ba ya tsayawa wuri ɗaya. Lokacin da aka ɗauki Rutgers, ba don iya wasa ba ne. Big Ten na da tasharta tun 2007, kuma kamfanonin kebul suna biyan kuɗi a kan kowane gida da tashar ta shiga, ko masu gidan suna kallo ko ba sa kallo, farashin kuma ya fi yawa a yankin da gamayya ke da mamba. Rutgers na kusa da New York, Maryland na kusa da Washington. Yau gidaje na ta yanke kebul, sai ma'aunin ya koma kan mutum nawa ne suka zauna suka kalla, da kuma wane lokaci na ranar Asabar za ka iya cikewa. A cinikin da Big Ten ta ƙulla a Agustan 2022, na shekara bakwai a kan sama da dala biliyan 7, Fox ta ɗauki wasan sha biyun rana, CBS ta ɗauki na uku da rabi, NBC ta ɗauki na dare. Kowannensu wasa ɗaya mai jan jama'a yake so duk mako. Wanda ya je teburin ciniki da taswirar yawan gidaje a 2023 ya makara da shekara goma.

Yanzu takardu. Uku ne, kuma mutane na yawan cakuɗa biyun farko.

Akwai kuɗin fita, wanda kamar kul'i yake: mai son tafiya shi ke biya. Wannan ba kasafai yake tsare mai tafiya ba. ACC ta nemi Maryland ta biya kusan miliyan 52, aka je kotu, aka sasanta a kan kimanin miliyan 31. West Virginia ta bar Big East a 2012 a kan miliyan 20. Cincinnati da Houston da UCF sun biya miliyan 18 kowacce don su shiga Big 12 a 2023. Kuɗi ne mai zafi, amma in sabon gida zai ba ka ƙarin miliyan 20 duk shekara, cikin shekara biyu ka fanshe.

Wadda ke ɗaure ƙafa ita ce takardar jingina. A cikinta jami'a ke miƙa wa gamayya haƙƙin nuna duk wasannin da za a yi a filinta har zuwa wata shekara. Za ka iya tafiya, amma wasanninka na gida sun zama na tsohuwar gamayya, ita za ta sayar ta ci kuɗin. Wace sabuwar gamayya ce za ta ɗauki mamban da bai zo da komai ba? Texas da Oklahoma sun bayyana komawarsu gamayyar SEC a Yulin 2021, amma jinginarsu a Big 12 sai 2025 za ta ƙare. Don su tafi shekara ɗaya kacal kafin lokaci, sai da suka bar dala miliyan 100 a tsakaninsu. USC da UCLA kuwa ba su biya kuɗin fita ba, domin sun daidaita tafiyarsu da ƙarewar jinginar Pac-12 a 2024. Ke nan in kana son sanin wace gamayya ce za ta girgiza, kada ka bi jita-jitar 'yan jarida. Duba shekarar da jingina za ta ƙare, ka cire biyu ko uku.

Doguwar jingina ma ba alheri ce zalla ba. A 2016 ACC ta ɗaure kanta da gidan talbijin na ESPN har 2036, don ta samu tasha tata da kwanciyar hankali. Ta samu, amma farashi ya tsaya cak yayin da Big Ten da SEC suka sake ciniki suka yi mata fintinƙau. A Disamban 2023, makonni kaɗan bayan an hana Florida State gurbi a gasar zakaru duk da ta ci wasanninta 13 ba faɗuwa, jami'ar ta kai gamayyarta kotu. Lauyoyinta sun ƙiyasta cewa fita za ta ci dala miliyan 572. Clemson ta bi sahu. A Maris 2025 aka sasanta: kuɗin fita ya koma miliyan 165 a 2026, yana raguwa da miliyan 18 duk shekara har ya sauka 75, kuma mai fita zai tafi da haƙƙinsa. An kuma daina rabon daidai-wa-daida, kashi 60 cikin 100 na kuɗin talbijin zai bi yawan masu kallo. A ganina wannan sashe na biyu ya fi na farko nauyi, domin ya karya ƙa'idar da aka gina gamayya a kanta, wato babba da ƙarami su ci kwano ɗaya.

Kuskuren Pac-12 na lokaci ne. Kwantiraginta zai ƙare 2024, na Big 12 kuma 2025, don haka ita ce a gaban layi. Sai sabon kwamishinan Big 12, Brett Yormark, ya tsallaka layi. A Oktoban 2022 ya tsawaita da ESPN da Fox na shekara shida a kan biliyan 2.28, kimanin miliyan 31.7 ga kowace jami'a. Ba kuɗi ne na a-zo-a-gani ba, amma tabbatacce ne, kuma akwai sharaɗi a ɓangaren ESPN cewa in aka ɗauko mamba daga wata babbar gamayya za a biya masa kaso daidai da na saura. Wannan sharaɗi shi ne tsanin da Colorado da sauran suka taka. Su kuwa shugabannin Pac-12, kamar yadda aka yi ta ruwaitowa, an taya musu kusan miliyan 30 suka ce albarka, suna neman 50. Da suka dawo kasuwa ta watse: masu saye sun cike lokutansu. Abin da ya rage shi ne tayin Apple, miliyan ashirin da 'yan kai, sauran kuma sai in mutane sun yi rajista da yawa. Shugaban jami'a ba zai gina kasafin shekara biyar a kan "in Allah ya sa an yi rajista" ba. A bar kaza cikin gashinta game da tashar Pac-12 ɗin kanta, wadda suka riƙe su kaɗai ba abokin tarayya tun 2012, har ta mutu ba ta shiga DirecTV ba.

Takarda ta uku, kundin dokokin gamayya, ba mai karanta ta sai ranar rigima. Na Pac-12 ya ce mamban da ya ba da sanarwar fita ya rasa kujerarsa a majalisar gudanarwa, kuma an yi amfani da wannan a kan USC da UCLA a 2022. Da goma suka tashi tafiya, Oregon State da Washington State suka riƙe wannan layi suka je kotu a gundumar Whitman ta jihar Washington, alƙali ya ba su ragamar gamayyar su biyu. Daga baya masu tafiya suka bar musu miliyan 65. Akwai kuma kuɗin gasar ƙwallon kwando ta NCAA: kowane wasa da jami'a ta buga yana jawo kaso da ake biya cikin shekara shida, kuma na gamayya ne, ba ya bin jami'ar in ta tashi. San Diego State ta kusa ƙonewa a Yunin 2023 saboda kwanan wata: in ta sanar da barin Mountain West kafin ƙarshen watan za ta biya kusan miliyan 17, in ta wuce ya ninka. Ta aika wasiƙa alhali ba ta da gayyata a hannu daga Pac-12, ƙarshe sai da ta lallaɓa ta zauna. A ACC kuwa, lokacin ɗaukar Stanford da Cal da SMU a 2023, ana buƙatar ƙuri'a 12 cikin 15, kuma huɗu sun ƙi, sai da NC State ta sauya ra'ayi. Ba a sanar da komai sai an ƙirga ƙuri'u da sunayensu.

Inda lissafi ya fi yin ƙarya shi ne tafiye-tafiye. 'Yan ƙwallon Amurka wasa huɗu ko biyar suke yi a waje cikin gamayya, ranar Asabar, a jirgin shata. Ba su ne abin tausayi ba. Jami'ar da ke babban mataki dole ta riƙe wasanni aƙalla 16, kuma 'yan ƙwallon raga da ƙwallon ƙafa da kwando suna wasa a tsakiyar mako. Daga Los Angeles zuwa Rutgers kusan kilomita 3,900 ne, ya fi Kano zuwa Jidda, ga bambancin awa uku. Yarinyar da ta buga ƙwallon raga a New Jersey daren Laraba za ta isa ɗakinta da asuba, tana da lacca da safe. Dabarun da ake yi sanannu ne: a haɗa wasa biyu a tafiya ɗaya, a sa ƙungiyoyi biyu a jirgi ɗaya, a tura malaman taimako su bi tawaga. Kowanne kuɗi ne da ya kamata a cire daga kason tun kafin a yi murna. UCLA ta samu ƙarin wani nauyin: hukumar jami'o'in Kalifoniya ta ɗora mata biyan Cal miliyan 10 a shekara na shekara uku, don ta bar 'yar'uwarta a rana.

Jadawali ma ya rikice. Big Ten na da mambobi 18 amma wasa tara ake yi, wato kowace jami'a ba za ta haɗu da takwas daga cikin abokan gamayyarta ba a shekarar. Biyu na iya gamawa da maki ɗaya alhali ɗaya ta sha wuya ɗaya ta bi ta sauƙi. A 2024 jami'o'i huɗu a Big 12 suka yi kunnen doki da ci bakwai faɗuwa biyu, sai dokar raba gardama ce ta fitar da Arizona State da Iowa State zuwa wasan ƙarshe. Wannan doka a rubuta ta kafin kaka ta fara, a kuma gwada ta da kunnen dokin uku, huɗu, har biyar. Tsofaffin karawar maƙwabta kuwa su ke fara zubewa: Texas da Texas A&M sun daina haɗuwa bayan 2011, sai 2024 suka sake, Oklahoma da Oklahoma State sun yi na ƙarshe a 2023.

Pac-12 ta shiga sake gini. Dokar NCAA na buƙatar mambobi takwas masu ƙwallon Amurka, da rangwamen shekara biyu, shi ya sa bayan ta ɗebo biyar daga Mountain West da Gonzaga marar wannan wasa, sai da ta nemo Texas State ta cike na takwas. Matsin kuɗi kuma ƙaruwa ya yi, tunda sulhun da aka amince da shi a Yunin 2025 a shari'ar House, wadda 'yan wasa suka kai NCAA ƙara, ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta har miliyan 20.5 a shekarar farko. Kwantiragin Big Ten zai ƙare a 2030, na Big 12 a 2031, daidai lokacin da kuɗin fita daga ACC zai sauka miliyan 75. Na SEC sai 2034.