Furen fadamar Turai da badon bakin Rima

Aikina rainon tsirrai ne, kuma a 'yan shekarun nan masu gina gida a Sakkwato sun fara son ɗan tafki a tsakar gida da furanni a bakinsa. Yawancinsu da hoto a waya suke zuwa. Wanda na fi gani shi ne wani fure ruwan ɗorawa mai sheƙi da masana ke kira Caltha palustris, ɗan fadamun ƙasashen sanyi: Turai, arewacin Asiya da Arewacin Amurka. A Ingila yana fure wajajen Afrilu da Mayu, daidai lokacin da zafinmu ke haura digiri 40.

Nazarin irinsa ne ya sauya yadda nake kallon sana'ata. Tsiro mai son ruwa ba ruwa kaɗai yake so ba. Irin wannan furen ba ya son ajiya, da zarar ya nuna ake shuka shi, in ya bushe ya daɗe a takarda ƙarfinsa ya ragu. Kuma ko an zuba shi a laka mai danshi, yakan yi kwance abinsa sai sanyi ya ratsa shi na makonni. Hikimar a fili take: da zai tsiro gabanin hunturun ƙasarsu, ƙanƙara za ta kashe shi yana jariri, don haka Allah Ya yi masa wannan jinkiri. Masu raino sukan kwaikwayi hunturun, su cuɗa irin da yashi mai danshi, su sa a firji a wajen digiri 4 har wata ɗaya ko biyu. A garin da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan ma aiki ne. In an yi sa'a ya tsiro, sai ya kai shekara biyu ko uku kafin ya yi fure, kuma kowace shekara akwai bazara a gabansa. Sanyin hunturunmu na Disamba da Janairu bai kai wanda yake nema ba. Ga shi da guba, yana ƙaiƙayi a fata, yana cutar da dabbar da ta ci shi ɗanye. Gidan da ke da akuya da yara ƙanana ba wurinsa ba ne.

Shi ya sa nake faɗa wa mai saye gaskiya tun kafin ya fitar da kuɗi. "Hajiya, wannan ba zai kai damina ba. Ki bari in kawo miki bado."

Wasu sukan ɓata fuska, don bado a wurinsu abin kududdufi ne. Ni kuwa ban san tsiron ruwa da ya kai shi dacewa da ƙasar nan ba. Wanda ya bi fadamar Kwalkwalawa ko ya je tafkin Kware bayan damina ya ga yadda yake rufe ruwa. 'Ya'yansa a ƙarƙashin ruwa suke nuna, su fashe, irin ya taso ya yi yawo kaɗan sannan ya nutse cikin laka. Ruwa ya janye, ƙasa ta tsattsage, shi yana nan yana jiran damina. Jiran iri ɗaya ne da na furen nan na Turai, sai dai shi fari ya saba jurewa, wancan sanyi.

Wani dattijo masunci ne ya nuna mini shukarsa. "Yaro, laka mai nauyi za ka sa, ba takin da zai taso ya ɓata ruwa ba." A baza irin a kan lakar cikin kasko, a yayyafa yashi sama-sama, a nutsar da kaskon ruwa ya ɗan rufe shi, a ajiye a rana. Ganye na tsawo, ana ƙara zurfi. Farin badon namu da dare yake buɗewa, lokacin da mutan gida ke zaman shan iska ke nan, da hantsi ya rufe.

Abu biyu nake gargaɗi a kai. Kada a bari kachalla ta shiga, don saiwarta na cinye tafki gaba ɗaya, manoman fadama sun san wannan. Kainuwa ma sai ana tsamewa. Sannan ruwan da ke kwance gidan sauro ne, don haka ba na miƙa tafki ga mai shi sai na saki ƙananan kifaye a ciki.