Asabar, da muryar da na daɗe ina toshewa

Da murna na tashi yau, domin tun daren jiya Injiniya ya kira ya ce amfilifaya, na'urar ƙara sautin kiɗana, ta tashi. Sati uku ke nan falo shiru. Ina gama karyawa da koko da ƙosai na nufi wurinsa a unguwar Aboabo. Ya ce ciwon ba babba ba ne: kafasita biyu ne suka kumbura saboda wutar nan da ke zuwa tana komawa, sai kuma ƙura da ta cika maɓallin ƙara sauti, ita ce ke sa sifikar hagu karce-karce. Ya sake ja mini kunne: "Malam, don Allah ka daina jona ta a bango ba sitabilaiza." Na ce na ji. A cinya na riƙo ta cikin pragya, babur ɗin haya mai ƙafa uku, har ƙofar gida.

Kafin azahar na gama jera komai. Na janyo sifikun biyu taku biyu daga bango, na ɗan karkato fuskarsu wajen kujerata, na shimfiɗa tsohon kafet a tsakani don tayil na mayar da amo. Tagar da ke kallon titi na rufe ta saboda ƙarar masu aboboya, baburan nan na ɗaukar kaya. Fanka ma na kashe. Zufa kam na sha ta, amma wanda ya san yadda fanka ke cinye ƙananan sautuka ba zai ga baikena ba.

Kun san abin da nake gwada kowane gyara da shi: kiɗan Goldberg na Bach, Bajamushen nan mai tsara kiɗa, a hannun makaɗin fiyano Glenn Gould, ɗauka biyu. Bach ya fitar da kiɗan a 1741. Ariya ce guda a farko, wato uwar kiɗan, sai juyi 30 da ake sarrafa ta, sannan ariyar ta dawo ta rufe. Abin da ke riƙe da juyin duka ba waƙar sama ba ce, tafiyar hannun hagu ce a ƙasa, kamar zaren ƙasa na keken ɗinki: a sama a yi ta canza ado, shi kuwa yana nan bai motsa ba. Gould ya fara ɗauka a 1955 yana ɗan shekara 22, ya gama cikin minti 39 ba su cika ba, bai maimaita ko sashe ɗaya ba. Ya sake a 1981, a wannan ɗakin ɗaukar sauti na New York ɗin dai, wanda asalinsa coci ne, ya kai minti 51.

Matsayina kuwa ban taɓa ɓoye shi ba, na 1955 nake bi. Ɗaukar ta zamanin da ce, sautin duka a dunƙule yake a tsakiyar sifikun, ba hagu ba dama, ga ɗan shuuu na tef a baya. Amma yatsun nan! Kowane sauti a ware, tsaf, kamar ana zuba tsakuwa a faranti. Yau da amfilifaya ta warke sai da na miƙe tsaye a juyi na 5. Na 1981 ya fi tsabta da faɗi, fiyanon Yamaha ne a maimakon Steinway na farko, hannun hagu ya fi nauyi. Abin da ke hana ni zama da shi ɗaya ne: mutumin yana bin kiɗansa da murya, baki a rufe. A na farkon ma yana yi, amma a nan ne ake jin sa sosai. Shekara da shekaru in na sa shi sai na rage maɓallin tsakiyar sauti don muryar ta nutse. Yau da na'urar ta dawo garau, muryar ta fito fiye da kullum, sai na murɗa maɓallin fiye da kullum.

Ana cikin haka bayan la'asar Inna ta shigo da carbinta, ta zo maganar gudummawar sunan gidan Kawu. Ba ta taɓa zama don kiɗan nan ba, "ƙwanƙwasar Turawa" take ce masa. Na kai hannu zan kashe, ta ce in bari ta huta tukuna. Na mayar da faifan farkon ariya. Ba a yi minti ɗaya ba ta ɗaga kai.

"Wa ke tare da shi a ciki?"

"Shi kaɗai ne, Inna. Shi ne yake bi da murya."

"To me ya sa nake jin sa kamar an rufe shi a ɗaki?"

Na nuna mata maɓallin, na ce ni na rage, don muryar tana ɓata kiɗan. Ta dube ni irin kallon nan nata, ta ce, "Buɗe masa." Na mayar da shi tsakiya. Muka yi shiru. Ariyar 1981 minti uku ce da 'yan daƙiƙu, ta 1955 kuwa ko biyu ba ta kai ba, don haka akwai fili tsakanin sauti da sauti, kuma a filin nan muryar ke zaune, wani lokaci tana riga yatsun isa, wani lokaci tana biye. Carbin ya tsaya a hannunta.

Ta ce, "Haka babanku yake yi a kan keken ɗinki."

Wallahi sai da gabana ya faɗi. Gaskiya ta faɗa, kuma ban taɓa haɗa abin biyu ba. Baba in ya duƙufa a kan aikin wuyan riga, musamman daren jajibirin salla, bege yake yi a maƙogwaro, ba kalma, ƙafa na taka keke, murya na bi. In ka yi masa magana sai ka maimaita. In ka ce masa yana waƙa sai ya ce shi bai sani ba. An ce Gould ma haka yake, ba da gangan yake yi ba, masu ɗaukar sauti sun sha fama da shi ba su iya raba shi da abin ba.

Ta ce in sa mata ɗayan da nake yabo. Na sa. Ta saurara har juyi na uku, ta yi murmushi ta ce, "Wannan yaro ne, yana so a gan shi." Ban faɗa mata komai ba kafin nan. Na ce mutum ɗaya ne, Inna, shekara 26 ce a tsakani. Ta tambaya ko yana raye. Na ce a'a, ya rasu a watan Oktoba na 1982, kwana kaɗan bayan ya cika 50, faifan na biyu bai daɗe da fitowa kasuwa ba. Ta ce, "Allah sarki." Na ƙara mata da zancen kujerarsa, 'yar guntuwar nan ta naɗewa da mahaifinsa ya gyara masa, wadda ya ƙi rabuwa da ita har ta tsufa ta lalace, a wasu ɗaukar ma ana jin ƙararta. Wannan ya fi komai shiga ranta. Ta ce ɗan kirki ne. Daga nan ta tashi, ta tuna mini sidi nawa za mu kai gidan Kawu, ta fita.

Ni kuwa ban tashi ba.

Abin da ke cina shi ne, ina da rikoda tun ina sakandare. Kaset nawa na cika da kiɗan rediyo? Kwali guda. Na ɗauki ganga a gidan biki, na ɗauki wa'azi, har ruwan sama a kan kwano na ɗauka don in ji yadda zai fito. Baba yana zaure, bango ɗaya ne tsakaninmu, ban taɓa kai masa rikodar ba ko sau ɗaya. Abin ma ya wuce haka: ina tuna yadda nake tura ƙofa in sa tsumma a ƙasanta don ƙarar keke da muryarsa kada su shiga mini kaset. Yau na ga hannun nan nawa bai canza ba, shi ne dai a kan maɓalli.

Ba zan ce na sauya ra'ayi gaba ɗaya ba, don ba na son in yi wa kunnena ƙarya saboda zuciya ta motsa. Har yanzu akwai juyin da na fi so a hannun saurayin. Kuma zancen yaro mai gudu da dattijo mai natsuwa bai cika daidai ba: a juyi na 25, mai baƙin cikin nan, saurayin ne ya fi jan lokaci, dattijon ya ɗan fi shi sauri, ya ƙi tsayawa kuka. Na duba agogon na'urar sau biyu don in tabbatar. Abin da na ji sabo yau shi ne, a na 1981 juyi na miƙa wa juyi hannu, bugun ɗaya na haifar da na gaba, kamar ɗinki ɗaya ne ba a yanke zare ba. Da muryar a buɗe, nan ne ka fi jin haka, don ita ba ta tsayawa a inda yatsu suka tsaya.

Magariba. Uwargida ta yi tuwo da miyar ayoyo, na ci kaɗan, ta tambaya ko na'urar ce ba ta gyaru ba. Na ce ta gyaru.

Auta ya dawo daga kasuwar Kejetia da wayar sifika da na aike shi, ba irinta ba ce, sai Litinin.

Ƙarfe takwas da wani abu wuta ta tafi, faifan yana ciki.

Na kira Yaya a Nima na tambaye shi ko a kaset ɗin bidiyon aurensa akwai inda Baba ya yi magana. Ya yi jim, ya ce yana jin akwai wurin addu'a, amma bai san ko kaset ɗin na da rai ba, damina da yawa ta wuce a kansa. Ya ce lafiya? Na ce lafiya, so nake in ji. Ya ce gobe bayan azahar zai sauko da akwatin.

Da na ajiye waya na leƙa ɗakin Inna, na same ta a kan darduma da fitilar caji. Na ce, "Inna, wane begen ne yake yi?" Ta ce ba ɗaya ba ne, amma akwai wanda ya fi yi in aiki ya yi masa yawa. Ta rufe baki ta ɗan yi mini, bai fi numfashi uku ba, ta tsaya ta ce ba ta da muryarsa. Na gane shi tun a na farko. Na roƙe ta da safe ta sake yi mini in ɗauka a waya, ta ce sai ta gani.