Kafin in miƙa makullin sabar: abin da sunayen ajiyar waya suka koya mini

Ƙarshen watan nan zan bar sashen fasaha. Takardar miƙa aiki na riga na rubuta ta na sa hannu, amma akwai maganar da ba ta shiga irin wannan takarda, kuma ba na so wanda zai gaje ni ya tsince ta a bakin mutane yadda aka juya ta. Duk wanda muka yi aiki tare ya san zancen "gyaran sabar", wato babbar kwamfutar da muke tara ajiyoyin wayoyi a kai, ya kuma san takardar tuhumar da aka ba ni a kai. Abin da yawancinku ba ku sani ba shi ne takamaiman abin da ya lalace, da dalilin lalacewarsa.

Kun san yadda muke yi da wayoyin ma'aikatan fili. A shirya waya ɗaya tsaf, a ɗauki kwafinta gaba ɗaya da TWRP, manhajar ɗaukar ajiyar wayar Android da maido da ita, sannan duk wadda ta rikice a maido mata da kwafin ta koma aiki. TWRP yana da tsarin da yake ajiye kayansa, kuma ba ya neman shawarar kowa. A cikin foldar TWRP akwai BACKUPS, a cikinta akwai folda mai ɗauke da lambar siriyal ta wayar, a cikin wannan kuma sai foldar ajiyar kanta, wadda sunanta kan fara da kwanan wata da lokaci. Nan ne fayilolin suke: boot.emmc.win, system.ext4.win, data.ext4.win000, data.ext4.win001, kowanne da ɗan ƙaramin fayil a gefensa mai wutsiyar .md5 ko .sha2.

Ga wanda bai saba ba, wannan tarkace ne. Oga kuwa bai taɓa sabawa ba. Tun zuwansa yake cewa in ya buɗe sabar ba ya gane komai, lambobi ne kawai birjik. A nan ban ga laifinsa ba, gaskiya ce ya faɗa, sunayen ba don idon mutum aka yi su ba. Na ce masa, "Yallaɓai, suna ɗaya ne a cikin jerin nan namu, sauran na injin ne. Foldar da ke ɗauke da kwanan wata ita za mu iya sauya wa suna, kuma TWRP ma yana da maɓallin yin haka a shafin maidowa. Na sama da ita da na cikinta, a bar su." Ya ce ya ji. Na ƙara tura masa a rubuce, abin da ya zame mini garkuwa daga baya, ko da yake garkuwar ba ta hana komai ba.

Ina hutu aka yi aikin. Ya ɗauko yaron da ya zo sanin makamar aiki, ya ba shi wata manhajar sauya sunaye da yawa a lokaci guda, ya ce komai ya koma tsari ɗaya: sunan ƙungiyar fili, sai sarari, sai lamba. Yaron bai yi kasala ba, abin da aka sa shi ya yi har ƙasa. Foldojin siriyal aka kwashe abin da ke cikinsu aka goge su, wai hawa ɗaya ne da ba shi da amfani. Fayilolin ciki kuma suka koma 001, 002, 003. Da na dawo sabar ta yi kyau ƙwarai, wannan ba zan musa ba.

Sai ranar da ƙungiyoyi za su fita wayoyi suka buƙaci a maido da su. Na kwafo ajiya na zuba a waya, na shiga shafin maidowa, fayau, babu komai a jerin. Dalili na farko shi ne TWRP ba ya yawo yana neman ajiya a ko'ina. Foldar da ta yi daidai da siriyal ɗin wayar da yake kai ita kaɗai yake leƙawa. In babu ita, a wurinsa babu ajiya, ko da fayilolin na zaune a gefe. Wannan mai sauƙi ne, ka ɗauki wata 'yar ƙaramar ajiya a wayar don ya ƙirƙiri foldar da kansa, sai ka zuba tsohuwar a ciki. Dalili na biyu shi ne mai ciwo. Daga sunan fayil TWRP yake gane ɓangaren wayar da zai zuba shi: kalmar farko ta gaya masa boot ne ko system ko data, ta tsakiya ta gaya masa irin tsarin da ɓangaren yake da shi. Lambobin da ke ƙarshe, 000 da 001, su ne jerin gutsattsarin babban fayil guda da aka yanka, saboda katin memori mai tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil da ya kai gigabait 4. Da zarar sunan ya koma 007, babu abin da ya rage da zai nuna masa ko wane ne wannan, ko a bayan wa yake.

Kafin azahar takardar tuhuma ta iso tebur ɗina. Abin da aka rubuta shi ne ajiyoyin da na ɗauka "ba su da inganci", kuma na kasa gwada su. Ba a ambaci gyaran sabar ko sau ɗaya ba. Na shiga ofishinsa da saƙon da na tura masa a hannuna, na ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da na rubuto maka kafin in tafi." Ya duba, ya ture, ya ce ai suna suna ne, bayanan da ke ciki ba wanda ya taɓa, in ajiya mai kyau ce ya kamata ta yi aiki ko me aka kira ta. Haka ya maimaita a taron shugabanni, kuma aka gyaɗa kai, domin maganar tana da daɗin ji ga wanda bai taɓa maido da waya ba. Laifi tudu ne, in ji masu magana. Yaron kuwa har yau in mun haɗu sai ya sunkuyar da kai, alhali shi ba shi da laifin komai.

Rabin maganar oga gaskiya ne, kuma wannan rabin ne ya cece mu. Bayanan ciki ba su canza ba. Waɗancan ƙananan fayiloli na .md5, ko da an sauya musu suna, in ka buɗe su rubutu ne layi ɗaya: lambar tantancewa, sai sunan asali na fayil ɗin da aka lissafa ta daga jikinsa. Lambar kuma daga abin da ke cikin fayil take fitowa, ba ruwanta da sunansa. Don haka na lissafa lambar kowane babban fayil, na nemo ƙaramin da ke ɗauke da irinta, na karanto sunan asali, na mayar. Ɗan gajeren umarni na rubuta ya yi aikin, yana nan a foldar kayan aiki ga mai buƙata. Inda aka yi sa'a duka biyun suna nan, ajiya ta dawo daram. Inda aka goge ƙananan, don an goge wasu da sunan shara, sai da na riƙa leƙa cikin kowane fayil ina gane shi daga abin da ya ƙunsa da girmansa, sannan in cire alamar tantancewa kafin TWRP ya yarda ya maido. Wannan hanya tana aiki, amma a makance kake yi, domin in fayil ya samu rauni wajen kwafi babu mai gaya maka sai wayar ta ƙi tashi.

Ba a janye takardar ba. An dai daina maganarta, wanda a wurin wasu shi ne neman afuwa.

Tsofaffin ajiyoyin ClockworkMod su ne ba su tsira duka ba, kuma nasu labarin ya ɗan bambanta. Shi ClockworkMod, tsohuwar manhaja irin TWRP da Koushik Dutta ya rubuta, fayil ɗaya yake ajiyewa mai suna nandroid.md5 da jerin lambobin duka. Sauya sunan foldarsa ba laifi ba ne, amma da ka sa sarari a tsakiyar sunan sai ya ce lambobin tantancewa ba su dace ba, ka ɗauka ajiyar ce ta lalace alhali lafiyarta lau. Ka cire sararin, ka sa karan ɗori ko layin ƙasa, shi ke nan. Tun daga nan na daina sa sarari a sunan kowace ajiya, ko a manhajar da ta yarda da shi, na kuma tsaya kan haruffan boko marasa lanƙwasa da lambobi. Matsalar da ba ta da magani ita ce ta zubi na 6, wanda ya zo da dabarar rage cin wuri: ainihin bayanan suna cikin wata folda guda mai suna blobs, foldar ajiyar kuma jerin nuni ne kawai zuwa gare ta. Blobs ita ce mafi girma a wurin, ba ta ɗauke da sunan kowace waya, don haka ita aka fara gogewa.

Na iPhone ɗin manyan ma'aikata sun fi sauƙi, don sunan foldar sama kawai aka taɓa. iTunes, ko Finder tun daga macOS Catalina a 2019, wato abin da ake ɗaukar ajiyar iPhone da shi a kwamfuta, yana sa wa foldar lambar shaidar wayar: haruffa da lambobi 40 a tsofaffi, 25 har da karan ɗori a waɗanda suka fito daga iPhone XS na 2018 zuwa sama. Sunan da kake gani a jerin ajiyoyi ba daga foldar yake zuwa ba, daga fayil ɗin Info.plist yake, kuma a cikinsa lambar shaidar take, don haka mayar da sunan asali bai ɗauki lokaci ba. Abin da ya kamata a sani shi ne sabuwar ajiya kullum foldar mai lambar take nema ta rubuta a kai. Wanda ke so ya adana tsohuwa kada a taka ta, Finder yana da zaɓin taskancewa, shi zai liƙa mata kwanan wata da kansa. Cikin foldar kuwa, Allah ya kiyaye hannu ya kai. Tun iOS 10 fayilolin suna rarrabe a ƙananan foldoji 256, daga 00 zuwa ff, kowanne sunansa lissafi ne da aka ciro daga asalin wurin zamansa a waya, kuma Manifest.db ne kaɗai ya san wane ne wane. Da manhajar yaron ta shiga can, da ban san ta inda zan fara ba.

Kada wani ya fita da cewa sauya suna haramun ne a ko'ina. A WhatsApp ma sai da shi ake maido da tsohuwar hira: fayil mai kwanan wata, irin msgstore-2023-05-14.1.db.crypt14, shi ake mayarwa msgstore.db.crypt14 kafin a sake saka manhajar. Sai dai lambar da ke bayan crypt ba a taɓa ta, don ita ke nuna irin kullen da aka yi wa fayil ɗin. Abin tambaya kullum shi ne wa ke karanta sunan nan, mutum ko manhaja. In manhaja ce, sai ka san abin da take nema a cikinsa kafin ka taɓa harafi ɗaya.

Buƙatar oga ta a gane ajiya da ido, hanyar biyan ta ba ta da wuya, kuma ita muke bi yanzu. Foldar ajiya: kwanan wata daga shekara zuwa rana, sai samfurin waya, sai zubin Android, duk a haɗe da layin ƙasa. Sauran bayani, wa ya ɗauka, don me, wace ƙungiya, yana cikin ɗan fayil ɗin rubutu da ke zaune a wajen foldar, da kuma jadawalin da ya haɗa kowace siriyal da sunan mai riƙe da wayar. Na ji an gabatar da wannan tsari a rahoton zango a matsayin sabon abin da shugabancin sashe ya kawo. Madalla.

Sauran abubuwan gajeru ne. Duk sauyin suna a yi shi a kan kwafi, a maido da shi a wayar gwaji, sannan a taɓa na asali. Ajiyar data ta TWRP ba ta haɗawa da ma'ajiyar ciki, wato hotuna da fom ɗin da aka cike a fili ba sa ciki, sai an kwashe su daban. Kada a zuba ɓangaren EFS na wata waya a kan wata, can lambar IMEI, wadda kamfanin sadarwa ke gane wayar da ita, take. Kalmar sirrin ajiyar iPhone da aka kulle, in ta ɓata, babu mai buɗe wannan ajiyar. Umarnin baki kuma a nemi a turo shi a rubuce, ko da za a ce ka cika tsirfa.

Foldar da na sa wa suna cwm_marasa_blobs tana nan a sabar. Wanda zai karɓi aikin kada ya ɓata lokacinsa a kanta, babu abin da za a iya maidowa daga ciki. Ban goge ta ba ne don gogewa na buƙatar sa hannun shugaban sashe, kuma takardar neman izinin, wadda ta bayyana yadda aka yi suka zama haka, tana teburinsa ba a sa mata hannu ba.