Inda na kai a koyon daidaita tsayuwa

'Yan'uwa masu koyon wannan motsa jiki, barkanmu da hunturu. Ga inda aka kwana a wurina.

Tashi daga kujera ba dafa gwiwa ya fara zauna mini. Nakan jingina kujerar katako da bangon zaure don kada ta zame, in rungume hannuwa a ƙirji, in miƙe, in koma a hankali. Komawar ce mai wuya. Jiki so yake ya zube kawai, cinya na rawa, kai kuma kana riƙe ta, to a wannan riƙon ƙarfin yake samuwa. Tsayuwa da ƙafa ɗaya kuwa har yanzu sai da yatsu biyu a bango, ta hagu ta fi gardama.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tafiya a kan layi, dunduniya na taɓa yatsun ɗayar ƙafar. Da gawayi na ja layin a siminti. Da hantsi ina kai ƙarshensa lafiya, bayan magariba kuwa sai tangaɗi. Dalili shi ne abu uku ke riƙe mutum a tsaye: ido, cikin kunne, da jin da tafin ƙafa ke yi wa ƙasa. Duhu ya ɗauke na farko, ciwon sukari kuma yakan rage na ukun. Don haka hanyar makewayi da dare sai da fitila, kuma silifa mai santsi a bar ta.

Tun 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai shekara 65 zuwa sama ya riƙa yin irin wannan motsa jiki aƙalla kwana 3 a mako. Shirin Otago na ƙasar Niyu Zilan, da tsofaffi ke yi a gidajensu, ya rage faɗuwa da wajen kashi 35 cikin 100, kuma kujera da bangon nan namu suna cikin kayan aikinsa. Mai son gwada kansa ya tashi daga kujera, ya taka mita 3, ya juyo ya zauna, jika na riƙe da salula yana duba lokaci. In ya kai sakan 12, ya je likita a duba shi. Masu shan maganin hawan jini, ku ɗan zauna bakin gado kafin ku miƙe, saboda jiri.

Akwai abin da ke damuna a gidajenmu na Damagaram. Da tsoho ya yunƙura sai a ce, "Baba zauna, a kawo maka buta." Ladabi ne da ƙauna, amma zaman nan shi ke cinye ƙafa. Na roƙi yarana su bar ni in ɗebo ruwan alwalata, su dai tsaya kusa.

Abin da na sa gaba yanzu shi ne tashi daga tabarma: gwiwa ɗaya a ƙasa, hannu a kan turmin da aka kifa. Wanda ya riga ni iyawa ya faɗa mini wace ƙafa yake fara kafawa.